Dan Allah wa ya san kafinta mai amana a Kumasi? Muna so mu yi rufi kafin ruwa ya sauko

Maman Adiza: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema. Ginin yayana da ke Buobai ya kai linta, birkila ya gama nasa saura rufi. Shi yana Jamus, ni ya ɗora wa komai, kuɗin ta hannuna suke biyowa kuma kun san kuɗin ɗan'uwa sun fi naka nauyi. Kafintoci sun zo sun duba kowa da nasa lissafi, tsakanin mai araha da mai tsada ya kusa ninki, kuma dukkansu cewa suke kwanon aluzinc za su sa. Wani ya ce in ba shi kuɗin gaba ɗaya shi zai sayo komai, wani ya ce in sayi kaya shi nasa aiki kawai. Ga Maris ya matso, ni wallahi barci ma ba na yi sosai. Ta yaya ake gane na kirki?

Hajiya Memuna: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa albarka a ginin. Ni shawarata kar ki je nesa, ki nemi ɗan unguwa wanda kuke sallah masallaci ɗaya da iyayensa, wanda in ya ɓata aiki akwai gidan da za ki je ki yi sallama. Baƙo in ya kashe waya shi ke nan.

Fuseini Aboabo: Hajiya ki yi haƙuri amma nan kam ban yarda ba. Wanda ya yi wa Mma rufi ɗan unguwa ne, tare muka tashi, babansa da babanmu sahu ɗaya suke tsayawa. Ruwan farko da aka yi da iska ɗakin Mma sai da muka jera bokiti da roba, silin ya kumbura ya yi baƙi, katifa ta jiƙe. Da muka je gidansu sai aka tara manya aka ce a yi haƙuri ɗan gida ne, Mma ta ce a bar shi saboda zumunci, kuɗin gyara daga aljihuna ya fita. Da baƙo ne da na kai shi gaba. Sanin gidan mutum bai hana shi cin amana, wani lokaci ma shi ne yake ɗaure maka baki.

Hajiya Memuna: Allah sarki, Allah ya mayar da alheri Fuseini. Amma ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba ɗana.

Alhaji Sawaba: Maman Adiza ki saurare ni da kyau. Kar ki tambayi kafinta ko ya iya aiki, kowa zai ce ya iya. Kuma kar ki yarda da hoton waya, hoton rufi ana ɗauka a Facebook a ce nawa ne. Ki ce masa ya kai ki gidan da ya rufa wanda ya ga damina biyu ko uku, ba wanda ya gama jiya ba, sabon kwano kowanne kyau gare shi yana ƙyalli a rana. In kun je ki bar shi a waje ki shiga ki gaida matar gidan, ita ce ta san inda yake ɗiga ba maigidan ba. Ki ɗaga kai ki kalli silin, in kin ga tabo launin ruwan shayi a kusurwa ko an yi sabon fenti a waje ɗaya kawai toh kin samu amsa. Ki tambaye ta abu biyu, ya gama a lokacin da ya ce? kuma da aka kira shi bayan an biya shi ya zo? Wannan na biyun shi ne awon mutum. Wanda ya fara kame-kame wai masu gidan sun yi tafiya, wai gidan yana can Techiman, ki sallame shi da girma da arziki.

Maman Adiza: Na gode Baba Alhaji. Toh maganar kaya fa, in saya da kaina ko in ba shi?

Alhaji Sawaba: Ki saya da kanki. Ki tafi da shi ya zaɓa, ke ki biya, rasit da sunan yayanki.

Masta Issaka: Salamu alaikum. Ni kafinta ne, rufi shi ne abincina tun ina yaron masta a Anloga kafin a mayar da masu katako Sokoban, dan haka ku bar ni in faɗi namu ɓangaren tunda an fara yanka mu ba ma nan. Gaskiya ne akwai macuta a cikinmu, ba zan kare su ba, su ne suka ɓata mana suna. Amma masu gida ma ku ji tsoron Allah. Mutum zai kira ka ka hau gini ka auna ka yi lissafi na gaskiya, sai ya ce wane ya ce zai yi a rabin haka, ya matse ka ya matse ka har ka rasa inda za ka ci, toh wanda ba shi da tsoron Allah sai ya ce naam ya karɓa, ya je ya rage kaurin kwano, ya ƙara tazarar katako, inda za a sa ƙusa biyar ya sa uku. Kuɗin da kika ga an rage miki ba daga sama ya faɗo ba, daga jikin rufinki aka yanke shi. Maman Adiza wannan ninkin da kika gani tsakanin lissafin nan, ki koma ki ce kowa ya rubuta miki kaurin kwano nawa, wane katako, guda nawa, tazara nawa, za ki ga ba abu ɗaya suke sayar miki ba kuraa.

Mutala: Masta ya taɓo wajen. Anti, kalmar aluzinc kaɗai ba ta ce komai ba. Aluzinc ƙarfe ne aka shafe shi da haɗin alminiyom kashi 55 sauran kusan duka zinc da ɗan silikon, shi ya sa ya fi tsohon kwanon da muka sani jure tsatsa. Amma yana da kauri kala kala, akwai 0.30 akwai 0.35 akwai 0.40 har 0.45 da 0.50 na milimita, kuma da ido ba za ki bambance 0.30 da 0.40 ba in an shafa musu fenti iri ɗaya. Nan ne ake cin mutane paa. A rubuta miki 0.40 a kawo 0.30, ya hau sama waye zai hau ya duba? Akwai ɗan ƙarfen awon kauri, maikuromita, masu sayar da kwano na gaske suna da shi, ki ce a auna a gabanki ranar da za a ɗora a mota, kuma a sake aunawa in aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ta sauke a wajen gini domin ana canjawa a hanya. Ki sani fenti yana ƙara ɗan kauri, dan haka ki tambaya lambar da suka faɗa ta ƙarfen ce ko har da fenti. Ni dai gidan zama ba zan sa ƙasa da 0.40 ba, siriri yana lotsewa in an taka kuma iska tana yage shi daga bakin ƙusa.

Fuseini Aboabo: Wannan shi ne aka yi wa Mma. Da mai gyara ya hau ya ce kwanon kamar gwangwanin madara.

Masta Issaka: Kuma maganar Alhaji ta a sayi kaya da kai, na yarda amma da sharaɗi. In kin saya da kanki ki sayi abin da na rubuta. Sau da yawa mai gida zai je Sokoban shi kaɗai a nuna masa wawa fari tas mai araha ya kwaso ya ce Masta ga katako. Wawa katakon allon kankare ne da silin da ƙananan aiki, ba shi da nauyi kuma ƙwaro yana son shi, in ka yi rafta da shi shekara kaɗan za ka ga gari yana zubowa. Na ce ba zan yi da shi ba a ce ina da girman kai, na yi da shi ya lalace a ce Masta Issaka ne ya yi. Rufi yana son katako mai ƙarfi irin dahoma ko kusiya, odum kam sai mai hali. Kuma ya bushe. Ɗanyen katako in ka buga yana bushewa yana murɗewa ya ja ƙusa, ramin ƙusar ya buɗe, ruwa ya samu hanya.

Maman Adiza: Masta ni ina zan gane dahoma da wawa, ni da ko guduma ban taɓa riƙewa ba

Masta Issaka: Hajiya ɗaga shi kawai. Wawa za ki ɗaga da hannu ɗaya kuma farce yana shiga jikinsa. Mai ƙarfi sai kin sa hannu biyu, launinsa ya fi duhu. Kuma ki duba gefensa, na injin somil yana fita sumul kai ɗaya, wanda aka tsaga da injin sarƙa a daji yana da zane-zane kuma wani waje kauri wani waje siriri.

Mutala: Na dajin ma doka ta hana shi tun 1998 ko da yake ya cika kasuwa. Banda doka ma, rashin daidaitonsa yana sa kwano ya ƙi kwanciya.

Alhaji Sawaba: Kar a manta magani. Kowane katako a shafe shi da solignum ko maganin gara tun yana ƙasa kafin a hau da shi, duk fuska huɗu har da bakin da aka yanka. Wasu sai sun gama bugawa su ɗauki buroshi su shafa inda ido yake gani daga ƙasa. Ki je da kanki ranar, ki zauna a inuwa ki kalla. Buobai ƙasar gara ce kamar ko'ina a nan.

Zenabu Nima: Gaisuwa daga Accra. Ni tambayata Maman Adiza, wane irin rufi za ku yi? Domin in irin na yayi ne da ake ɓoye kwano a bayan katanga, sikirit ɗin nan, toh ki yi tunani sau biyu. Nan wajenmu Kasoa da Madina kowa shi yake yi saboda kyau kuma wai kwano kaɗan yake ci, amma gidan ƙanwar mijina tun da aka yi shi ba su huta ba. Ruwan duka yana taruwa a gata, wato magudanar ruwa, ɗaya ta kankare a bayan katangar, leda ɗaya ko ganyen mangwaro ya toshe bakin bututu sai ruwa ya cika ya koma ƙarƙashin kwano ya sauko ta bango, silin POP ɗin falo gaba ɗaya ya zube musu da dare Allah ya kiyaye ba kowa a wajen.

Maman Adiza: Innalillahi. Wallahi shi yayana yake so, ya turo min hoto ma.

Mutala: Ba wai ba ya yiwuwa ba ne Anti, amma shi ne rufin da ba ya yafe kuskure. Yana son gata mai faɗi da zurfi wadda aka yi mata maganin hana ruwa, bututu manya fiye da ɗaya, da wata ƙofar ko ta kwana a jikin katanga wadda in bututu ya toshe ruwa zai fita waje maimakon ya shiga ɗaki. Kuma gangaren kar ya kwanta da yawa. Mu a Kumasi damina biyu muke yi, babba daga Maris zuwa Yuli ƙarama Satumba zuwa Nuwamba, rufin da ya kwanta ba ya samun hutu. Wani abu kuma da mutane ba su sani ba, aluzinc ba ya shiri da ɗanyen siminti, in birkila ya zo ya liƙe bakin kwano da siminti a jikin katanga wajen ne zai fara ci. Wannan ma tambaya ce da za ki gwada kafinta da ita, ki ce Masta inda kwano ya haɗu da bango yaya za ka yi? In ya ce siminti za mu cusa kawai, bai san aikin ba. Wanda ya sani zai ce zai lanƙwasa wani kwano ya shigar da shi cikin bango ya rufo kan na ƙasa.

Masta Issaka: Wannan yaron ya san aiki. Ni in mai gida ba ya ƙasar kuma ba mai hawa ya share gata duk wata, ina ce masa ya yi rufi mai baki a waje ruwa ya zuba ƙasa kowa ya huta. Wasu su ji wasu su tafi wajen wanda zai ce musu toh.

Zenabu Nima: Mu kuma nan ga iskar teku, wanda yake kusa da ruwa irin Chorkor ko Teshie kwanon ƙarfe ba ya daɗewa sai alminiyom. Ku Kumasi Allah ya hutar da ku wannan.

Alhaji Sawaba: Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ke raba mutane. Maman Adiza kar ki ba kowa kuɗin aiki gaba ɗaya ko da ɗan cikinki ne. Ki raba. Kafin alƙalami kaɗan ya kawo yaransa, wani kaso in ya gama katako kin zo kin gani da idonki kafin kwano ya rufe shi, wani in ya gama kwano, sannan ki riƙe kashi 10 sai an yi ruwa mai ƙarfi kin shiga ɗaki ɗaki kin duba. Kuma ta momo, wato kuɗin waya, za ki tura a lambar da ke da sunansa, ba hannu da hannu ba, ba lambar yaronsa ba, saboda saƙon yana nan a waya in magana ta tashi. Ki ɗauki hoton Ghana Card ɗinsa, katin ɗan ƙasa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Masta Issaka: Alhaji duk na yarda banda riƙe kashi 10 ɗin nan. Wallahi wannan ciko shi ne kuɗin da ba ma gani. Ka gama aiki a Disamba lokacin hunturu a ce sai ruwa ya sauka, ka jira wata uku, ruwa ya zo rufi bai ɗiga ba ka kira a ce Alhaji ya yi tafiya, ka sake kira a ce ɗan'uwan bai turo ba, ƙarshe ka gaji ka bar wa Allah. Yaran da suka hau sama da ni cikin rana kwano yana ƙona musu ƙafa ba za su jira damina ba, ranar nake biyansu. Manzon Allah SAW ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ina aka kai wannan?

Fuseini Aboabo: Masta toh mu kuma in mun biya duka ku daina ɗaga waya, mu kama wa?

Malam Awudu: Bismillah. Masta Issaka hadisin da ka kawo haka yake, kuma duk wanda ya riƙe haƙƙin ma'aikaci yana da halin biya zalunci ya yi, babu wani kwana-kwana. Amma abin da Alhaji yake faɗa daban ne in an yi shi tun farko da yardar juna, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu. In kun zauna kafin a buga ƙusa ɗaya kun ce kaso kaza zai tsaya zuwa rana kaza, ka yarda, toh ba a zalunce ka ba. Zalunci shi ne a gama aiki sannan a ƙirƙiro sharaɗi. Kuma abin da yake damuna da mutanenmu na zango, muna jin kunyar rubutu, wai kamar ka ce ba ka yarda da mutum ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ku rubuta a takarda ko ta littafin makaranta ce, kowa ya sa hannu, shaidu biyu. Shawarata a kan cikon, kar ya zauna a hannun mai gida kuma kar ya shiga hannun kafinta, a ajiye wajen wani da duka biyu suka yarda da shi, limami ko wani dattijo, a sa rana. Ranar ta zo babu yoyo ya miƙa wa Masta ba sai ya yi roƙo ba.

Masta Issaka: In haka ne Malam na yarda, in dai kuɗin sun bar hannun mai gida. Kuma a sa rana, ba a ce sai an yi ruwa ba kawai.

Alhaji Sawaba: Ni ma ban ƙi ba.

Hajiya Memuna: Kun ga dai an dawo maganata, sai da limamin unguwa ya shigo. Fuseini ka ji ko

Fuseini Aboabo: Na ji Hajiya, amma da takarda wannan karon. Lokacin Mma ba a rubuta komai ba shi ya sa kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Mutala: A cikin takardar a sa har da wanda zai ɗauki asara in farashi ya tashi. Kun tuna 2022 da kuɗinmu sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta wuce kashi 50 a Disamba, lissafin da aka yi maka yau sati mai zuwa ya zama labari, mutane da yawa rigimarsu da masu aiki daga nan ta fara. Shi ya sa in kuɗin kaya sun iso Anti kar ki ajiye su, ki sayi kwano da katako lokaci ɗaya. Amma kar a yanko kwano sai an gama katako an auna, domin dogon kwano a kan awo ake yanka shi a kamfani, in ya gaza ba a mayarwa. Kamfanonin kwano da yawa suna turo nasu mai awo kuma suna da masu bugawa, wasu har da takardar garanti, sai dai ki karanta ko garantin na fenti da tsatsa ne kawai ko har da yoyo, domin yawanci in katakon ba nasu ba ne za su ce laifin kafintanki ne shi kuma ya ce nasu ne.

Maman Adiza: Toh wannan ne ma ya sa nake ganin gara mutum ɗaya ya yi katako da kwano, in ya ɗiga na san wanda zan kira.

Masta Issaka: Haka ne Hajiya. Kuma ranar katako ga abin da za ki duba ko ba ki san aiki ba. Katakon da yake kwance a kan bango, wanda duk rufin yake zaune a kansa, dole a ɗaure shi da rodin da birkila ya bari a cikin kankare, a lanƙwaso rodin a kansa a buga. Rufin da kike ji iska ta ɗauke gaba ɗaya ta ajiye a gidan maƙwabci a ruwan farko har NADMO masu agajin gaggawa su zo, ba kwano ne ya gaza ba, wannan ɗaurin ne babu. Ki je ki duba ko birkilanku ya bar rodin ma, in bai bari ba a san abin yi tun yanzu. Ranar kwano kuma ƙusa ko sukuru mai roba a wuya, kuma irin kwanonmu na gida a kan tudu ake bugawa ba cikin kwarin da ruwa yake bi ba. In sun yanka da garanda su share garin ƙarfen tas, in ya kwana a kai raɓa ta taɓa shi sai ki ga ɗigo ɗigon tsatsa a sabon kwano.

Zenabu Nima: Masta tunda kana nan, tsohon gidanmu na Nima silet ne tun na kakanmu, muna so mu cire mu sa kwano, yaran unguwa za su iya?

Masta Issaka: A'a Hajiya kar ki ba yara. Tsohon silet ɗin nan akwai asbestos a ciki, ƙurarsa tana lalata huhu kuma ciwon sai bayan shekaru yake fitowa. Ba a fasa shi ba a yanka shi, a jiƙa shi da ruwa a kwance ƙusa a sauke shi ɗai-ɗai lafiyayye, masu aikin su rufe hanci da abin kirki, yara da mata su bar gidan ranar. Kuma ba a taka tsakiyarsa, yana burmawa da mutum. Kar a bar guntayen a lungu yara su yi wasa da su, ki tambayi asambuliman ɗinku, wato kansilan unguwa, inda ake kai irinsa.

Zenabu Nima: Toh Masta na gode, bari in gaya wa Yaya tun bai kira su ba, dama gobe Asabar ya ce za su fara.